Safayar Motar Ƙungiya: Ba A Fafe Gora Ranar Tafiya

Iyayena da yayyena da ƙannena 'yan ƙungiya, na nan Sabo da na Ojoo da Bodija da Akinyele, har da waɗanda suka koma gida Arewa amma ba su daina leƙa wannan shafi ba.

Waɗanda suka halarci taronmu na ranar Lahadin da ta wuce sun ga yadda muka tashi ba mu yanke komai ba a kan maganar safayar motar ƙungiya. Mun fi awa ɗaya ana kai-kawo, har aka kira sallar magariba, shugaba ya ɗage maganar zuwa zama na gaba. Ni aikina a wurin taro shi ne rubuta abin da kowa ya faɗa, shi ya sa ban sa baki ba. Amma tun da na koma gida abin yake damuna, na ga in na yi shiru ban kyauta wa kaina ba, ban kuma kyauta wa matan da yaran da za mu zuba a motar nan ranar tafiyar Sallah ba. Wannan rubutu ra'ayina ne ni kaɗai. Ba da yawun kwamiti nake magana ba, kuma wanda ya ga na yi kuskure ya gyara mini, ba zan ji haushi ba.

Saboda waɗanda ba su zo ba, ga yadda maganar take. Motarmu Hiace mai ɗaukar mutum 18 tana da wurin rataye safaya a ƙarƙashinta ta baya. Ƙarfen da ke riƙe tayar ya yi tsatsa ya karye tun bara, sai direbanmu ya riƙa ajiye ta a cikin but. Yanzu da tafiyar Sallah ta matso, sai direban ya kawo rahoto cewa ita kanta safayar ta tsufa, gefenta duk ya tsattsage, ba zai iya dogara da ita ba. Daga nan ra'ayi ya rabu uku. Wasu suka ce a sayi sabuwa, a kai wa mai walda ya gyara wurin ratayewar. Wasu suka ce kuɗin asusu ba su da yawa, tayoyi huɗun da ke ƙasa ba su daɗe da sauyawa ba, a cire safayar gaba ɗaya a samu wurin kaya a but, tunda kowa yana da tsarabar da zai kai gida. Wasu kuma, musamman matasanmu, suka ce zamani ya wuce ɗaukar safaya, a sayi ruwan facin nan da ake ɗurawa cikin taya da ƙaramin famfo mai aiki da batirin mota, shi ke nan.

Ni ina tare da masu ra'ayin farko, kuma zan faɗi dalilaina. Amma kafin nan ya kamata in yi wa sauran adalci, domin babu wanda ya yi magana a wurin nan don yana son a cutu.

Alhaji ma'aji da ya ce babu kuɗi, gaskiya ya faɗa. Ni ke riƙe da littafi, na san abin da ya shigo da abin da ya fita. Tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu, 2023, kuɗin da muke zubawa a tanki kowace tafiya ya ninka ba sau ɗaya ba. Ita kuma taya, kusan duk wadda ke kasuwa daga waje ake shigo da ita. Michelin ta rufe masana'antarta ta Fatakwal a 2007, Dunlop ma ta daina yin taya a Ikeja a 2008, don haka duk lokacin da dala ta motsa, farashin taya ya bi ta. A watannin nan mun taimaka wa marasa lafiya biyu, mun biya wa marayu kuɗin makaranta. Mutumin da ke tsaron kuɗin jama'a dole ya riƙa tambaya kafin ya saki kobo, kuma da bai yi ba, mu ne za mu fara zarginsa.

Masu maganar wurin kaya su ma ba su yi ƙarya ba. Mutum ya shekara a Kurmi yana nema, ba zai shiga gida hannu rabbana ba. Ga goro, ga manja, ga gari, ga kayan Sallar yara. Taya ɗaya da wilinta a cikin but tana cinye wurin buhu biyu, kuma kullum a kan wurin nan ake rigima da direba da asuba.

Sai maganar ƙanenmu da ya ɗaga waya ya nuna mana bidiyon Turawa masu yawo a motar nan mai ɗaki, wadda ke da gado da kicin da banɗaki a ciki, ya ce su da suka ƙera mota ma sun daina ɗaukar safaya. A nan nake so in ɗan tsaya, saboda abin da ya faɗa akwai gaskiya a ciki, sai dai rabinta ya kawo.

Lallai da yawa daga cikin irin waɗannan motoci a Turai ana sayar da su babu safaya, sai kwalbar ruwan faci da famfo. Amma akwai dalili. A ƙasashen Turai lasisin tuƙi na gama-gari yana ba mutum damar tuƙa motar da nauyinta da duk abin da ke cikinta bai wuce kilo 3,500 ba. Motar da aka riga aka sa wa gado da firji da tankin ruwa da tukunyar gas ta kusa cinye wannan nauyi tun kafin mai ita ya shiga. Saboda haka kowane kilo lissafa shi suke yi, masu ƙerawa kuma suna cire safaya don su rage nauyi da kuɗi. Na biyu, su suna da ƙungiyoyin agajin kan hanya da suka fi shekara ɗari suna aiki: AA a Ingila tun 1905, ADAC a Jamus tun 1903, AAA a Amurka tun 1902. Mutum yana biyan kuɗi duk shekara, in tayarsa ta fashe ya buga waya, a zo da motar ja ko da makaniki har inda yake. Yana zaune a cikin motarsa, ga gadonsa, ga ruwansa, ga abincinsa, ko zai kwana a wurin ba abin da ya dame shi. A Amurka kuma manyan irin motocin nan tayarsu irin ta tirela ce, mutum ɗaya ba zai iya ɗaga ta ba, notinta ma ba ya kwantuwa da sifanar hannu. Wanda ke da irin wannan, ko ya ɗauki safaya sai ya jira mai inji.

Duk da haka su kansu ba su gama yarda da juna ba. Waɗanda ke shiga wurare masu nisa da gari, ko waɗanda tayarsu ba a samun girmanta a kowane shago, da yawansu suna sayen safaya da kuɗinsu su rataya a baya. Wasu ma tayar kawai suke ɗauka babu wili, don in makaniki ya zo ya tarar da abin da zai sa. Ke nan Baturen da muke kafa hujja da shi ba cewa ya yi safaya ba ta da amfani ba. Tambayar da yake yi wa kansa ita ce: in taya ta mutu mini a hanyar da zan bi, wa zai zo, kuma cikin awa nawa?

To mu ma mu yi wa kanmu wannan tambaya. Daga Ibadan zuwa Kano ya fi kilomita 800. Mu bi Oyo, Ogbomoso, Ilorin, mu haye gadar Jebba, mu isa Mokwa. Daga nan ko mu miƙe ta Tegina, ko mu karkata ta Bida da Minna mu faɗa Suleja mu kama hanyar Kaduna. 'Yan uwanmu masu zuwa Kebbi da Sakkwato su bi ta Kontagora da Yawuri. Duk wanda ya saba bin hanyoyin nan ya san irin ramukan da manyan motoci suka haƙa, ya san wuraren da za ka yi tafiya mai tsawo ba ka ga ko rumfar mai faci ba, ya san wuraren da waya ke ɗauke sabis. Ya kuma san dalilin da ya sa direbobi da yawa suka guji hanyar Birnin Gwari tsawon shekaru. Hukumar kiyaye haɗurra tana da lambar gaggawa 122, akwai kuma 112, kuma suna ƙoƙari gwargwadon hali. Amma aikinsu ceto ne idan an yi haɗari, ba za su kawo mana taya mai lamba 195R15C cikin daji ba. Mu kuma ba gado ne a motarmu ba, mutum 18 ne a takure, rabinsu mata da ƙananan yara.

Abin da ya sa maganar nan ta tsaya mini a rai, na taɓa ɗanɗanawa. Shekara huɗu da suka wuce na shiga motar haya daga nan, ni da mai ɗakina da 'yarmu, za mu ɗaurin auren ƙanena. Ba mu tashi da wuri ba saboda jiran fasinja. Mun wuce Jebba bayan la'asar, ba mu kai Mokwa ba direba ya faɗa wani rami da bai gani ba saboda tirelar da ke gabansa. Tayar baya ta dama ta tsage ta gefe. Allah Ya taimake shi ya riƙe sitiyari har muka tsaya lafiya. Ya ce kowa ya kwantar da hankalinsa, akwai safaya. Da aka sauko da ita, babu iska ko kaɗan, kuma da yaron mota ya danna ta da ƙafa sai ga tsaga kamar ƙasan da ta shekara ba ruwa. Aka tare ɗan acaɓa, yaron ya ɗora tayoyin biyu suka tafi neman mai faci. Rana ta faɗi muna gefen titi. Akwai wata dattijuwa mai hawan jini da maganinta ke cikin jakar da aka ɗaure a ƙasan kaya, akwai jariri da ya yi kuka har muryarsa ta dushe. Motoci suna wucewa ba mai tsayawa, kuma ban ga laifinsu ba, ni ma da ni ne a wannan lokaci ba zan tsaya ba. Duk fitilar babur da ta ɓullo daga cikin daji sai kowa ya yi tsit. 'Yata ta riƙe hannuna tana tambayata, “Baba, yaushe za mu tafi?” Ban da amsar da zan ba ta.

Yaron bai dawo ba sai bayan isha'i, da wata tsohuwar taya da ya samo bashi. Muka lallaɓa zuwa Mokwa muka kwana a tasha, don babu wanda ya yarda a ci gaba cikin dare. Alhamdu lillahi ba abin da ya same mu, sai dai an ɗaura auren ba ni. Abin da na kasa mantawa shi ne, da safayar nan tana da lafiya, aikin minti ashirin ne ko talatin, da mun wuce wurin da sauran hasken rana.

Shi ya sa ban yarda da lissafin da ake yi na cewa ai tayoyin ƙasa sababbi ne ba. Rami ba ya duba shekarun taya. Ƙusa da guntun ƙarfen da ya faɗo daga tirela su ma ba sa dubawa. Sabuwar taya tana rage yiwuwar matsala, ba ta kawar da ita. Tafiya goma za ka yi lafiya, ta sha ɗaya ce ake yi wa tanadi, kuma ba a sanar da kai wacece ita.

Ruwan facin da matasanmu suka kawo shawara, ni ban ƙi shi ba, amma a san iyakarsa. Yana toshe ƙaramin huji ne, irin na ƙusa, kuma a tafin taya inda take taka ƙasa. In tsagar a gefe take, ko taya ta fashe, ko wili ya lanƙwashe saboda rami, ko kwalba goma ka ɗura zubewa za ta yi. A hanyoyinmu kuwa irin wannan ɓarnar ce ta fi tsayar da mota a daji, domin ƙaramar ƙusa sau da yawa tana barin ka ka lallaɓa har gari. Masu yin ruwan ma suna rubuta a jikinsa cewa na wucin gadi ne, kada a wuce gudun kilomita 80 a awa, a nemi mai gyara da wuri, kuma shi ma yana da ranar lalacewa. Famfon kuwa ina goyon bayan a saya, zai yi mana amfani sosai, amma a matsayin abokin safaya, ba magajinta ba.

Akwai kuma doka. Tuƙi babu safaya, ko da tayar da wa'adinta ya wuce, yana cikin jerin laifuffukan da hukumar kiyaye haɗurra ke cin tara a kansu, kamar yadda rashin tulun kashe gobara da alamar gargaɗi mai kusurwa uku suke. Daga nan zuwa Kano shinge nawa ne? Motar da aka rubuta sunan ƙungiyar Hausawa ɓaro-ɓaro a jikinta, a tsare ta a Ogbomoso ko Ilorin saboda babu safaya, mu tsaya muna roƙo a gaban matanmu da 'ya'yanmu. Mu da muke zaune a garin mutane, muke yi wa matasanmu masu acaɓa da masu Keke wa'azin su cika takardunsu kada su ba da ƙofar wulaƙanci, da wane baki za mu sake yi musu magana? Kuma abin da za a rasa a shinge biyu ko uku, tsakanin tara da ɓata lokaci, a tara shi a ga ko bai kama hanyar kuɗin tayar ba.

Yanzu maganar wurin kaya, wadda a ganina ita ce mafi haɗari cikin ukun. Taya da wilinta na irin motarmu nauyinsu wajen kilo 25 ne, kamar rabin buhun shinkafa. In aka cire ta aka sa buhu biyu a gurbinta, an cire kilo 25 an ɗora kilo 100, kuma a kan tayoyin baya, waɗanda dama su suka fi shan wahala. Ku duba jikin tayar, za ku ga an rubuta 106/104. Wannan 106 ɗin yana nufin iyakar abin da taya ɗaya za ta ɗauka kilo 950 ne, shi ma sai in iskarta ta cika yadda aka tsara. Ku lissafa nauyin motar kanta, ku ƙara mutum 18, ku ƙara jarkokin manja da buhunan gari da abin da ake ɗaurewa har ƙofar but ta ƙi rufuwa. Taya in an yi mata lodi fiye da ƙima gefenta yana lanƙwasawa yana miƙewa a kowane juyi, wannan yana haifar da zafi a cikinta, ga zafin kwalta da tsakar rana, ga gudu. Haka taya ke fashewa ba tare da ta taka komai ba. Ke nan shawarar a cire safaya a ƙara kaya tana ƙara kusanto da matsalar, a lokaci guda kuma tana ɗauke maganinta. In aka gyara wurin ratayewa na ƙasa, safaya ta koma mazauninta, but ya zama na kaya kamar yadda ake so, rigimar ma ta ƙare. Sai dai duk da haka a sa wa kayan iyaka.

Wani dattijonmu, Allah Ya ƙara masa lafiya, ya ce tsaro na Allah ne, ko da safaya goma abin da zai faru sai ya faru. Baba, wannan haka yake, ba mai jayayya. Amma ku kuka koya mana cewa dogaro ga Allah ba ya hana riƙo da sababi. Ku ne kuke duba ƙofar shago sau biyu kafin ku tafi gida. Rayukan da ke cikin motar nan amana ce a wuyan kwamiti, kuma in wani abu ya faru, Allah Ya kiyaye, iyalan mutane ba direba kaɗai za su tambaya ba. Littafin taro za a buɗe a ga wa ya ce me, kuma da hannuna na rubuta.

Sai dai ina so in ja kunnen waɗanda muke ra'ayi ɗaya da su. Abin da ya same mu a hanyar Mokwa ba rashin safaya ba ne, safayar banza ce. Ita ta fi rashin safaya muni, domin tana sa mutum ya saki jiki. Saboda haka in za a saya, kada a ce tunda ta ajiya ce a nemo 'yar Kwatano mai araha. Tsofaffin tayoyin ƙananan motoci ma suna cikin kayan da gwamnati ta hana shigowa da su, kuma da yawa ana cusa su ne ɗaya cikin ɗaya a kwantena, abin da ke lalata wayoyin da ke cikinsu tun kafin su iso kasuwa. Ido ba ya ganin wannan. Safaya ita ce tayar da za ta ɗauki mota cike da mutane a mafi munin wuri, ba ita ce ya kamata ta zama mafi rauni ba.

Kowa zai iya duba shekarun taya da kansa. A gefenta akwai rubutu da ya fara da DOT, a ƙarshensa akwai lambobi huɗu. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. Na je na duba ta motarmu, 3617 aka rubuta, wato mako na 36 na shekarar 2017. Ku lissafa da kanku. Jami'an kiyaye haɗurra a nan ƙasar shekara huɗu suke ba taya daga ranar da aka yi ta. Kamfanonin taya irin Michelin kuwa suna cewa in ta kai shekara biyar a riƙa kai ta ana dubawa duk shekara, in ta kai goma a cire ta ko da zanenta bai cinye ba. Roba tana tsufa ko ba a taka ta ba, rana da zafi suna busar da ita. Don haka ko sabuwa za a saya, a duba lambar nan kafin a biya, kada a sayar mana da wadda ta shekara uku a sito.

Safaya kuma ba ta aiki ita kaɗai. Sai da jak mai ƙarfin ɗaga mota da lodinta, da sifanar da ta dace da notin motar, da guntun katako mai kauri da za a sa a ƙarƙashin jak in ƙasa ta yi laushi, da tocila mai batir, da alamar gargaɗi. Na sha ganin mota da safaya lafiyayya amma an ari jak ba a dawo da shi ba. Na kuma sha ganin notin da mai faci ya ɗaure da inji har ya gagari sifanar hannu. Waɗannan duk a gida ake gano su, ba a gefen titi ba.

Zan kuma amince da wani abu da direbanmu ya faɗa, wanda ba a saurara sosai ba. Ya ce akwai wurin da ko kana da safaya bai kamata ka tsaya ba. Gaskiya ne. In taya ta mutu a wurin da hankali bai kwanta ba, ko a kan kwana, ko a kan gada, gara a lallaɓa a hankali a kan wilin har a kai inda akwai mutane, ko da taya da wilin za su lalace. Ana sayen wili, ba a sayen rai. Amma ku lura, wannan dabarar ma mai safaya take yi wa aiki, domin in ka lalata tayar ka isa ƙauye, me za ka sa? A bar wa direba wannan hukunci, kada fasinja su yi masa caa. In kuma an tsaya, kowa ya sauka ya koma can nesa da kwalta, a sa alamar gargaɗi da 'yar tazara a baya, a sa dutse a tare tayoyin da ke ƙasa, kada a bar kowa a cikin mota tana kan jak.

Ga abin da nake roƙon a duba a zama na gaba.

Na farko, a kai motar wurin mai walda a wannan makon a gyara wurin rataye safaya, a sa masa kwaɗo saboda ɓarayi.

Na biyu, a sayi sabuwar taya mai girma da lamba iri ɗaya da na ƙasa. Mutum biyu su raka direba, su duba lambar shekara, su karɓo rasit.

Na uku, tunda asusu ba shi da ƙarfi, kada a taɓa kuɗin marasa lafiya da marayu. A raba kuɗin a kan kujerun tafiyar Sallah, zuwa da dawowa, a ƙara ɗan abu a kan kowane buhu da ya wuce kayan mutum na ƙa'ida. Wanda Allah Ya hore wa ya ƙara da nasa. Ni na yi alkawarin biyan kuɗin walda daga aljihuna, a rubuta.

Na huɗu, a sayi famfo da gejin auna iska su zauna a motar. Kwana ɗaya kafin kowace doguwar tafiya a auna tayoyi biyar, ba huɗu ba, da safe kafin mota ta yi zafi. A sauko da safayar a gani da ido, a gwada jak, a gwada kwance noti ɗaya a kowace taya a mayar. A samu takarda da direba da mutum ɗaya daga kwamiti za su sa hannu.

Na biyar, a tsayar da iyakar kaya, kuma in direba ya ce ya isa, ya isa, ko kayan shugaba ne ko na sakatare.

Na shida, mota ta tashi da an idar da sallar asuba. Wanda ya makara ya biyo motar haya. Ko da safaya mai kyau, sauya taya da rana daban, sauya ta da dare daban.

Iyayenmu mata da ke karanta wannan, ku ma kuna da baki a maganar, domin ku da 'ya'yanku ne kuka fi yawa a motar. Ku tambayi mazajenku me suka ce a taro. Matasanmu kuma na gode muku da kuka kawo abin da kuka gani a waya, haka ake so, ku ci gaba da kawowa, sai dai mu riƙa auna shi da hanyar da za mu bi. Sauran 'yan uwa masu motocin kansu da za su tafi gida, ku ma yau ku buɗe but ku danna safayarku ku gani. Hausawa suka ce ba a fafe gora ranar tafiya, kuma saura 'yan makonni.

In na faɗi abin da ya ɓata wa wani rai, musamman iyayena da na ambaci maganarsu, ina neman afuwa. Taro na nan ranar Lahadi bayan la'asar a inda muka saba, don Allah kowa ya daure ya zo a kan lokaci, mu gama da wannan magana kafin magariba.

Allah Ya kai mu gida lafiya, Ya dawo da mu lafiya, Ya tsare mu daga sharrin ƙarfe da sharrin hanya. Amin.

Naku,
Sakataren ƙungiya